Tambaya da Amsa: Ɗan sakandare zai iya shiga tseren 'yan jami'a a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin Zangon Kumasi ne, na daɗe ina zaune a unguwar Bronx kafin mu koma da iyali garin Yonkers a jihar Niyok. Ina da yaro ɗan shekara 16, saura masa shekara ɗaya da rabi ya gama sakandare, kuma Allah ya hore masa gudu, domin yana gama mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 55. Wani mai horarwa a kulob ɗin unguwa ya ce in rubuta sunansa a gasar da ake yi a Jami'ar Boston cikin watan Janairu, inda ɗaliban jami'o'i ke karawa, don masu ɗaukar 'yan wasa su gan shi. Amma kocin makarantarsu ya ce kada in kuskura. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Kuma shin shiga irin wannan gasa zai ɓata masa damar samun tallafin karatu a jami'a? Daga wani uba a Yonkers.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya wannan yaro, ya sa gudunsa ya zama sanadin alheri gare shi da ku baki ɗaya. Kocin makarantar ne ke da gaskiya, sai dai hatsarin da yake hange ba daga inda kake zato yake ba. Kai kana tsoron hukumar wasannin jami'o'i, alhali wadda za ta iya hukunta yaron nan take ita ce hukumar wasannin sakandare ta jiharku, kuma a wannan wuri ne iyaye da yawa ke yin tuntuɓe.

Dalilin shi ne Amurka ba ta da doka guda ɗaya da ta game dukkan makarantun sakandare a kan wanda ya cancanci shiga gasa. Akwai tarayyar hukumomin jihohi, NFHS, wadda aka kafa a 1920 kuma take da mazauni a Indianapolis, amma babban aikinta shi ne rubuta ƙa'idojin yadda ake yin wasan kansa, wato tsayin shinge, faɗin layi, irin tufafin da za a sa da makamantansu. Maganar shekarun ɗalibi, da sakamakon karatunsa, da ko zai iya yin gasa a wajen makaranta, kowace jiha ita ke yanke wa kanta, shi ya sa abin da ya halatta a wata jiha yakan zama laifi a maƙwabciyarta. A Kalifoniya, alal misali, an yarje wa ɗalibi ya shiga gasar guje-guje ta waje da sunan kansa ko da makaranta na cikin kakar wasanta. A Michigan an ƙayyade masa gasa biyu kacal ta waje a kaka ɗaya. Ita kuwa hukumar jihar Niyok, NYSPHSAA, wadda makarantun gwamnati na Yonkers ke ƙarƙashinta, tana da wata doka da ta fi waɗannan tsauri, wadda ta ce ɗalibin da ya yi atisaye ko ya kara da wani mutum ko wata tawaga da ke wakiltar jami'a, ya rasa damar wakiltar makarantarsa a wannan wasa har ƙarshen kakar. Ba a duba ko ya ci ko bai ci ba, ba a kuma duba ko ya san da dokar. Idan aka jera shi a layi ɗaya da ɗalibi mai sanye da rigar jami'arsa aka buga bindigar tashi, to magana ta ƙare. Akwai ƙofar neman sassauci ga wanda ke farautar lokacin da zai kai shi gasar tace 'yan Olamfik, amma ana neman izinin ne tun kafin tseren, kuma ɗanka bai kai wannan matsayi ba tukuna.

Ya kamata in ja hankalin 'yan'uwa da suka rage a Bronx da Harlem cewa makarantun gwamnati na cikin birnin Niyok ba sa ƙarƙashin waccan hukuma. Suna da tasu mai suna PSAL, wadda ta samo asali tun 1903, makarantun Katolika kuma suna da tasu daban. Saboda haka shawarar da maƙwabcinka na dā zai ba ka bisa abin da ya faru da ɗansa ba lallai ta dace da ɗanka ba, ko da kuwa tazarar da ke tsakanin gidajenku ba ta wuce tafiyar 'yan mintoci a jirgin ƙasa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a hukuncin nan shi ne ba ya tsayawa a kan yaro shi kaɗai. Idan ya yi tseren a asirce ya dawo ya ci gaba da wakiltar makaranta, daga baya aka gano, to duk makin da ya samo ana iya soke shi, kuma duk gudun miƙa sanda da ya shiga tare da abokansa uku ana iya share sakamakonsa. Ganowar kuwa ba ta da wuya ko kaɗan, domin a yau kowane sakamakon gasa yana hawa intanet a ranar da aka yi shi, da suna da lokaci, kuma kocin makarantar da ke hamayya da tasu ba zai rasa gani ba. Yaro ɗan shekara 16 da ya jawo wa abokansa asarar kambun da suka sha wuya a kai zai daɗe yana ɗauke da wannan nauyi a zuciyarsa.

Yanzu sai ɓangaren jami'o'i, wanda ka fi damuwa da shi. Hukumar NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wadda aka kafa a 1906 kuma ta kasa jami'o'inta rukuni uku tun 1973, ba ta ɗaukar shigar ɗan sakandare irin wannan gasa a matsayin laifi, muddin gasar ta kowa da kowa ce. Dokarta ta hana jami'o'in rukuni na ɗaya su tara yaran sakandare su gwada su kamar ana tantance kaya a kasuwa, amma ta keɓe gasar da ba a kasa ta bisa shekaru ko matakin karatu ba, wadda sharaɗin shiga shi ne lokacin da ɗan tsere ya taɓa yi ko yawan guraben da ake da su. Mai shiga irin wannan gasa ba da sunan makaranta ko kulob ba, a gaban sunansa sai a rubuta Unattached, ma'ana mai zaman kansa, kuma wannan ita ce kalmar da za ka gani a takardar rajista. Zaman kan nan kuwa na gaske ne: ba zai sa rigar makaranta ba, makaranta ba za ta biya masa kuɗin shiga ko na mota ba, inshorarta ba za ta rufe shi ba idan ya ji rauni, jami'ar da ta shirya gasar ita ma ba ta da ikon biya masa masauki ko abinci, domin tun ranar da ya shiga aji na tara, wato shekarar farko ta sakandarensu, take kallonsa a matsayin wanda ake iya zawarci, kuma duk wata alfarma da aka yi masa ana iya fassara ta da jan ra'ayi. Tsere ɗaya ko goma da ya yi a wannan hali tun yana sakandare ba zai rage masa ko kaka ɗaya daga cikin huɗun da zai samu a jami'a ba.

Haka nan, zancen cewa sai ya je Boston kafin a gan shi ba shi da ƙarfi. Masu horarwa na rukuni na ɗaya suna da damar fara tuntuɓar ɗan tsere daga 15 ga Yuni bayan ya gama aji na goma, kuma ziyarar jami'a tana buɗewa daga 1 ga Agusta kafin ya shiga aji na goma sha ɗaya, wato ɗanka ya riga ya shiga lokacin da ake iya kiransa. Abin da suke dubawa shi ne lokacin da na'ura ta ɗauka a gasar da aka amince da ita, ko a ina aka yi ta, sai kuma yadda yaro ke ƙaruwa daga shekara zuwa shekara da yadda yake yi idan an zo gasar ƙarshe. Minti 1 da daƙiƙa 55 a ajinsa lokaci ne mai kyau da zai sa a amsa wasiƙarsa idan ya rubuta wa koci da kansa.

Gaskiya ne akwai yaran da shiga cikin manya ya zame musu dole, kuma tarihin wasan ya nuna haka. Jim Ryun, ɗan sakandare na farko da ya gama mil ɗaya ƙasa da minti 4, a cikin manya ya yi hakan a 1964. Alan Webb ya karya tarihin Ryun na minti 3 da daƙiƙa 55.3 a watan Mayun 2001, inda ya yi 3:53.43 a gasar Prefontaine da ke Eugene, yana bin bayan gwanayen duniya. A Afrilun 2025, Jane Hedengren daga jihar Utah ta shiga gasar Bryan Clay da ake yi a Jami'ar Azusa Pacific, ta gama mita 5,000 cikin 14:57.93, ta zama ɗalibar sakandare ta farko a Amurka da ta sauka ƙasa da minti 15. A mita 800 ɗin da ɗanka ke gudu ma, Cooper Lutkenhaus na jihar Teksas ya yi 1:42.27 a gasar ƙasa cikin Agustan 2025 yana da shekara 16, daga nan ya sa hannu a kwantiragi da Nike, ya haƙura da tseren makaranta da na jami'a gaba ɗaya. Waɗannan duka sun wuce sa'o'insu nesa ba kusa ba, har ya zama babu mai matsa musu a tseren makaranta. Ɗanka bai rasa abokan karawa ba. A dandalin Armory da ke arewacin Manhattan, wanda ba shi da nisa da ku, kusan kowane mako na lokacin sanyi ana gasar 'yan sakandare da za ta haɗa shi da yaran da suka fi shi sauri, akwai kuma gasannin ƙasa na 'yan sakandare da kamfanonin Nike da New Balance ke ɗaukar nauyi a watan Maris da Yuni. Ko a gasar Penn Relays da ake yi a Philadelphia tun 1895, inda makarantun Jamaika ke zuwa kowace shekara, 'yan sakandare da 'yan jami'a suna taruwa a fili ɗaya amma kowane ɓangare da tserensa, kuma wannan rabuwar ce ke kare cancantar yaran.

A ganina dokar ta Niyok ta yi tsanani, domin tana tilasta wa yaro mai baiwa ta musamman ya zaɓa tsakanin makarantarsa da ci gabansa, alhali wasu jihohi sun nuna ana iya haɗa biyun ba tare da wata ɓarna ba. Amma doka ce mai aiki, kuma ra'ayina ba zai dawo wa ɗanka da kakarsa ba idan ta salwanta. Idan har kuna son ya ɗanɗana tsere da manya, ku bari a rufe kakar makaranta a watan Yuni, lokacin da ake yawan shirya gasannin kowa da kowa. Ko a sannan ɗin, ka je wurin daraktan wasanni na makarantar, ba koci kaɗai ba, ka ba shi sunan gasar da ranarta da tseren da yaron zai shiga, ka roƙe shi ya ba ka amsa a rubuce, ka adana ta.

Wani abu da ban so in tsallake ba, domin iyayen masu tsallen shinge da jifa su ma suna karanta wannan fili: kayan wasan jami'a ba irin na sakandare ba ne. Shingen mita 110 na samarin sakandare inci 39 ne, na jami'a 42. Dunƙulen ƙarfen da ake jifa laba 12 ne a sakandare, 16 a jami'a, faifan jifa kuma kilo 1.6 ne a nan, kilo 2 a can. Yaron da bai saba da waɗannan ba yana iya jin rauni a tsere ɗaya da bai zama dole ba.

TAMBAYA: Ni matashi ne daga Jos, na gama sakandare bara, ina gudun mita 1,500 da 5,000, na kuma wakilci jiharmu a wasu gasanni. Burina in tafi Amurka in yi karatu ta hanyar gudu kamar yadda wasu 'yan Najeriya suka yi. An ce mini in fara shiga jami'a a gida in ci gaba da gasa har Allah ya kawo dama. Shin hakan ba zai hana ni ba? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Ƙanena, burinka ba mafarki ba ne, domin hanyar da kake magana a kai an bi ta an isa. Blessing Okagbare da Tobi Amusan duk ta Jami'ar Teksas da ke El Paso suka bi. Amusan ta lashe gasar NCAA a tsallen shinge na mita 100 a 2017, sannan ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a Eugene a Yulin 2022. Divine Oduduru ya lashe mita 100 da mita 200 a gasar 2019 yana Jami'ar Texas Tech. Sai dai shawarar da aka ba ka tana da tarko biyu, kuma dukkansu lokaci ne ke ɗana su.

Na farko, tsarin da rukuni na ɗaya ya daɗe a kai shi ne a ba ɗalibi shekara biyar ya yi kaka huɗu a cikinsu, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da ya yi rajista a matsayin cikakken ɗalibi a kowace babbar makaranta a duniya, ba ta Amurka kaɗai ba. Idan ka shiga jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha a gida ka yi shekara biyu, ko da yajin aiki ya cinye rabinsu, to shekara uku suka rage maka, kuma idan ka wakilci makarantar a gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya wannan ma za a lissafa maka shi a matsayin kakar da ka ci. Na biyu, ko ba ka shiga ko'ina ba, ana ba ɗan guje-guje rangwamen shekara ɗaya ne bayan gama sakandare. Duk gasar da aka tsara da ka shiga bayan wannan shekara, irin bikin wasanni na ƙasa ko gasannin AFN, wato hukumar guje-guje ta Najeriya, tana iya ci maka kaka ɗaya a kowace shekara, har ma a ce ka zauna shekarar farko ba ka yi wa jami'ar tsere ba. Tunda bara ka gama, rangwamenka yana gab da ƙarewa ko ya ƙare, don haka wannan ba maganar jinkiri ba ce.

Abin da zan ce ka yi tun yanzu shi ne ka buɗe rajista a cibiyar tantance cancanta ta NCAA, ka tattara sakamakon karatunka tun daga aji uku na ƙaramar sakandare, wanda shi ne daidai da ajinsu na tara, tare da takardar WAEC ko NECO. Ana neman darussa 16 na asali, da suka haɗa da Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, da matsakaicin maki 2.3 a ma'auninsu na 4 ga rukuni na ɗaya, ko 2.2 ga rukuni na biyu. Hukumar ta daina sharɗanta jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT ko ACT tun Janairun 2023, amma wasu jami'o'in suna neman ta don kansu. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin karatu saboda wasa, don haka kada ka ɓata lokaci a can idan ba ka da mai biya maka. Akwai kuma ƙananan kwalejoji na shekara biyu ƙarƙashin NJCAA da jami'o'in NAIA, hukumomin wasanni biyu da ba NCAA ba, masu nasu dokokin daban, kuma 'yan Afirka da dama ta nan suka fara kafin su haura.

Ka sani kuma gurabe sun ƙara tsada. A dā iyakar tallafin da jami'ar rukuni na ɗaya za ta raba wa 'yan guje-guje maza shi ne kwatankwacin cikakken tallafin mutum 12.6, mata 18, ana gutsuttsura shi tsakanin mutane da yawa. Bayan sulhun shari'ar House, wato ƙarar da 'yan wasan jami'o'i suka kai NCAA kan biyansu kuɗi, wanda kotu ta amince da shi a Yunin 2025, jami'o'in da suka shiga tsarin sun koma bin iyakar yawan 'yan tawaga, wato 45 a guje-guje da tsalle-tsalle, 17 a tseren ratsa daji, kuma wannan ya sa koci ba ya ɗaukar wanda bai tabbatar da shi ba. Lokacin da aka ɗauka da agogon hannu a filin garinku, komai kyansa, ba zai gamsar da shi ba. Ka yi ƙoƙarin shiga gasar da ke amfani da na'urar ɗaukar lokaci, wadda sakamakonta ke shiga kundin hukumar guje-guje ta duniya, tun kana cikin wa'adin da ba za a ci ka tara ba.

Akwai maganar da nake so ka riƙe da hannu biyu, ita ce ta shekarun haihuwa. Za ka gamu da masu ba ka shawarar ka rage shekara biyu ko uku a fasfo, ko ka sake rubuta WAEC don ranar gama makarantarka ta matso. Cibiyar tantancewar ba ta dogara da takarda ɗaya ba, tana lissafin ranar da ya kamata ka gama ne daga shekarar da ka shiga aji na tara, tana kuma kwatanta abin da ka faɗa da tsofaffin sakamakon gasanninka. Sashen kula da ɗa'a na hukumar guje-guje ta duniya, wanda aka kafa a 2017, shi ma yana bin diddigin maguɗin shekaru. Wanda aka kama yakan rasa tallafin, ya rasa bizar karatun da ta dogara da shi, ya kuma ɓata wa na bayansa suna.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio. 'Yata tana gudun dogon zango a makarantarsu kuma tana sa hijabi. An gayyace ta wata gasa a filin wata jami'a, ina tsoron kada a cire ta saboda lulluɓinta. Sannan ta ci wani tseren titi an ce akwai kyautar dala 200, ban sani ba ko ta karɓa. Daga wata uwa a Columbus.

AMSA: Amin wa'alaikumus salam, Hajiya. Tsoronki yana da tushe, kuma a jiharku abin ya faru. A Oktoban 2019 aka soke sakamakon Noor Alexandria Abukaram, 'yar shekara 16, bayan ta gama tseren ratsa daji na yanki, saboda kocinta bai nemo takardar izinin sa hijabi ba. Yarinyar ba ta yi shiru ba, ta kai kuka har majalisar dokokin jiha, kuma a farkon 2022 gwamna Mike DeWine ya sa hannu a dokar da ta hana makarantu da hukumomin wasanninsu tilasta wa ɗalibi neman izini kafin ya sa tufafin addininsa. A daidai wannan lokaci NFHS ma ta gyara ƙa'idarta ta guje-guje, ta yadda lulluɓin addini ba ya buƙatar amincewar kowa tun daga kakar 2022. Saboda haka a duk gasar sakandare 'yarki tana da kariya, kuma babu alƙalin wasan da ke da hurumin tsayar da ita a kan wannan.

Abin da za ki fara tantancewa game da gayyatar shi ne wace irin gasa ce. Jami'o'i da yawa suna ba da filinsu a yi gasar 'yan sakandare zalla, wadda makarantu ke zuwa da tawagoginsu ƙarƙashin amincewar hukumar jiha, kuma wannan gasar makaranta ce duk da cewa a harabar jami'a ake yin ta. Idan kuwa gasar kowa da kowa ce da ɗaliban jami'a za su shiga, to littafin ƙa'idar da za a bi na NCAA ne ko na hukumar guje-guje ta ƙasa, kuma duk abin da na faɗa wa mai tambaya na farko game da neman amsar daraktan wasanni a rubuce ya shafe ki, domin Ohio ma tana da nata sharuɗɗan a kan gasar waje yayin da makaranta ke cikin kaka. Game da hijabin, ki rubuta wa shugaban gasar tun da sauran kwanaki, ki sanar da shi abin da za ta sa, ki riƙe amsarsa a wayarki ranar tseren, don kada a tsayar da yarinya ana gardama a bakin layi hankalinta ya rabu biyu.

Maganar dala 200 kuwa, kada ta karɓa sai kun tambaya. Hukumomin sakandare na jihohi suna da dokar da ta raba ɗan wasan makaranta da mai cin abinci da wasa, kuma galibinsu sun fi tsananta wa kuɗi tsaba fiye da kofi ko lambar yabo ko riga. A ɓangaren NCAA, dokar da ake bi a 2024 ita ce wanda bai shiga jami'a ba yana iya karɓar kyautar da ba ta wuce ainihin abin da ya kashe wajen halartar gasa ba, kamar kuɗin rajista, mota da masauki, kuma wannan doka ce 'yar wasan tanis Reese Brantmeier ta Jami'ar North Carolina ta ƙalubalanta a kotu a 2024. Dokokin kuɗi sun fi kowane ɓangare saurin sauyawa tun Yulin 2021, lokacin da aka yarje wa ɗaliban jami'a su ci moriyar sunansu da hotonsu a talla, har jihohi da yawa suka miƙa wannan dama ga 'yan sakandare bisa sharaɗin kada a nuna riga ko tambarin makaranta. Amma kuɗin talla daban, kyautar cin tsere daban, kuma halaccin ɗaya ba ya halatta ɗayan. Ki roƙi masu shirya tseren su riƙe kyautar na ɗan lokaci, ki adana rasitin duk abin da kuka kashe a ranar, sannan ki kai wa daraktan wasanni na makarantar maganar kafin kowa ya sa hannu a takardar karɓa.